Gudun taimakon marayu na kilomita 5: saura mako takwas, ƙwaurina ya fara ciwo

Abban Hanifa, Malali

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka san harkar gudu nake nema.

Wata ƙungiya ta shirya gudun tara kuɗi domin marayu a nan Kaduna, kilomita 5, ranar wata Asabar a tsakiyar Disamba, za a tashi ƙarfe 7 na safe. Yau saura mako takwas. Abokan aiki ne suka ja ni, ni kuma na jawo gida: uwargida, Hanifa mai shekara 11, ƙaninta mai shekara 7, ƙanwata, sai Baba mai shekara 64 da ya ce ko da tafiya ce sai ya je, alhali yana shan maganin hawan jini. Idan aka haɗa da abokai mun kai mutum 14.

Shekarata 38, nauyina kilo 92, rabona da gudu tun sansanin bautar ƙasa. A makon nan na fara fita bayan sallar asuba, kullum, ina gudu iya ƙarfina har numfashi ya ƙare. Yanzu ƙwaurina na dama ciwo yake, matakalar ofis ma da ƙyar nake hawa.

Shin mako takwas zai ishe ni? Wane irin takalmi zan nema? Me ake ci, me ake sha da safen ranar? Yaya za mu yi da yara da Baba? Sannan dangi sun fara turo mini gudunmawa ta asusuna, ban san yadda ake riƙe irin wannan kuɗi ba. Allah ya saka da alheri.

Koci Ɗanladi, Kawo

Wa alaikumus salam, Abban Hanifa. Mako takwas ya isa har da canji, amma ba da irin gudun da ka fara ba. Huhu da zuciya suna saurin sabawa da aiki, cikin mako biyu ko uku za ka ji bambanci. Ƙashi da jijiya kuwa sai sun ɗauki watanni. Duk takun da ka yi a guje, ƙafarka tana karɓar nauyin da ya ninka na jikinka sau biyu zuwa uku. To ka lissafa kilo 92 a kan kwalta, kullum, ba ranar hutu. Ga dalilin ciwon ƙwaurin nan.

Da farko dakata. Kwana uku zuwa biyar ba gudu, sai tafiya. Ranar da ka iya tsalle sau goma da wannan ƙafar ita kaɗai ba ka ji suka ba, sai ka koma, amma sau uku kawai a mako, da ranar hutu a tsakani: Talata, Alhamis, Asabar. Idan kana azumin Litinin da Alhamis, mayar da shi Lahadi, Laraba, Juma'a.

Kowace fita ta fara da tafiya mai ƙarfi ta minti 5, ta ƙare da tafiya a hankali ta minti 5. Kada ka tsaya kana miƙe jijiya tun jiki bai yi ɗumi ba, musamman da sanyin hunturu. Bar miƙewar sai ka gama. Tsakiyar ita ce aikin. Makon farko: sassarfa minti 1, tafiya minti 2, ka maimaita sau 8. Mako na biyu: minti 2 sassarfa, minti 2 tafiya, sau 7. Na uku: 3 da 2, sau 6. Na huɗu: 5 da 2, sau 4. Na biyar: 8 da 2, sau 3. Na shida: 10 da 1, sau 3. A na bakwai ka yi 15 da 1 sau biyu, sannan ranar Asabar ɗinsa ka rufe kilomita 5 ɗin gaba ɗaya, da sassarfa da tafiya, don jiki ya san tsawonta. Makon ƙarshe na ragewa ne: Talata minti 20, Alhamis minti 15, Juma'a ka zauna. Idan wani mako ya yi maka nauyi, maimaita shi. Mako na huɗu da na biyar ne suka fi kayar da mutane, domin a nan ne minti ke tsalle.

Maganar sauri ita ce inda kusan kowa ke ɓata tun daga farko. Ma'aunin shi ne magana: idan ba za ka iya faɗa wa na kusa da kai cikakkiyar jimla ba sai ka yanke ta da haki, gudunka ya yi yawa. Za ka ji kamar wasa kake, har ka ji kunyar masu wucewa. Haka ake so. A lissafi, mai farawa irinka yana cin kilomita ɗaya a minti 8 zuwa 9, wato kilomita 5 a minti 40 zuwa 45. Mai tafiya zalla yana ɗaukar kamar awa ɗaya. Idan ka samu shiga filin wasa na Ahmadu Bello, zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne, kilomita 5 zagaye 12 da rabi ke nan, kuma a saurin minti 8 kowane zagaye zai ci minti 3 da daƙiƙa 12. Ka ga ka zagaya a minti 2 da rabi, ka sani gobe ƙwaurin zai sake magana.

Wurin gudu: filin ƙwallon makaranta mai ƙasa ko ciyawa ya fi kwalta sauƙi ga ƙafa, kwalta kuma ta fi siminti. Filin Murtala yana da jama'a da safe, musamman Asabar, kuma gudu cikin mutane yana rage kasala. Idan titi za ka bi, bi gefen hagu kana fuskantar motocin da ke tahowa, ka sa riga mai haske, domin da asuba cikin hazo mai Keke Napep ba ya hango ka sai ya zo daf. Kada ka toshe kunne biyu da waya. Ka riƙa duba ƙasa: lambatun da ba murfi da bakin kwalta da ya zaizaye su ne ke kawo targaɗe. Takunka ya zama gajere, ƙafa tana sauka a ƙarƙashinka. Dogon taku da dunduniya a gaba shi ne ke dukan ƙwauri da gwiwa.

Takalmi. Ba sai sabo dal ba, kuma ba sai mai suna ba. A gwanjon Kasuwar Barci ana samun na gudu masu kyau, amma sai ka iya dubawa, domin saman takalmi yana iya yin kyau alhali katifar ƙasansa ta mutu. Galibi takalmin gudu yana ƙarewa ne bayan kilomita 500 zuwa 800, kuma ba ka san nawa mai shi na farko ya ci ba. Danna farin soson tsakiya da babban yatsa: idan ya yi tauri kamar katako, ko ya yi tamoji da yawa a gefe, ajiye shi. Ɗora shi a kan tebur ka dube shi ta baya: idan ya karkata gefe ɗaya, ajiye shi. Lanƙwasa shi: a wajen yatsu ya kamata ya lanƙwashe, ba a tsakiya ba. Je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gudun da ita, ka gwada ƙafa biyun a tsaye. Tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmi a samu faɗin babban yatsan hannu. In babu, farce zai yi baƙi ya fita. Kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da takalmin ƙwallo duk ba sa yi. Kuma a makon nan za ka saya, kai da duk mutanenka. Ba a fafe gora ranar tafiya: takalmin da aka fara sawa ranar gudu, bororo ne tun kafin kilomita na uku.

Ranar kuwa, ku tsaya can baya. Wannan ba gasar kilomita 21 ba ce irin wadda aka yi a garin nan a Nuwamba 2020, da 'yan Kenya suka zo neman kyauta. Da an busa usur, ga kiɗa ga ihu, samari za su fyalla kamar an koro su, ƙafarka kuma za ta so bin su. Kada ka bi. Kilomitar farko ita ce ya kamata ta fi kowacce jinkiri. Yawancin waɗancan samarin za ka same su a gaba sun dafa gwiwa. Idan za ka sauya zuwa tafiya, ɗaga hannu ka koma gefe, kada na bayanka ya yi karo da kai.

Sista Laraba, ma'aikaciyar jinya, Barnawa

Sannu Abban Hanifa. Koci ya gama da tsarin gudu, ni ta ɓangaren lafiya zan shiga.

Ciwon ƙwauri iri biyu ne, kuma da yatsa za ka bambance su. Bi gefen ƙashin ta ciki kana dannawa daga sama zuwa idon sawu. Idan ciwon a baje yake, tsawon yatsa ko fiye, kuma yana lafawa in ka huta, wannan na sabon shiga ne. Hutu da rage gudu suna maganinsa. Naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15, sau biyu ko uku a rana. Amma idan wuri ɗaya ne tak da kan yatsa zai rufe, yana ciwo ko kana tafiya, ko yana tashe ka da dare, yana iya zama ƙashin ne ya fara tsagewa. Wannan na asibiti ne, kada a kai wa mai ɗori ya murza.

Abin da na fi so ka ji: kada ka sha diclofenac ko ibuprofen don ka samu ka yi gudu. Suna rufe ciwon ne kawai ka ƙara ɓarna, kuma haɗuwarsu da zufa da ƙarancin ruwa a jiki tana wahalar da ƙoda, ga tayar da gyambon ciki idan an sha ba a ci komai ba. Haka lemun ƙarin kuzari na gwangwani: bugun zuciya yake ƙarawa, kilomita 5 ba ta buƙatarsa.

Kai ma ka auna jininka da suga kafin ka ci gaba, tunda ka daɗe ba ka motsa jiki ba. Hawan jini ba ya sallama.

Baba zai iya tafiyarsa in Allah ya yarda, tafiya ma tana cikin abin da ake so mai hawan jini ya riƙa yi. Sharaɗi dai a faɗa wa likitansa tun yanzu, ya fara da minti 15 a unguwa yana ƙara minti 5 kowane mako, kuma a riƙa auna shi. Ranar gudun ya sha maganinsa yadda ya saba, kada a ce a bari sai an dawo. Idan an auna da safen aka ga 180 bisa 110 ko sama, ba zai fita ba, asibiti za a nufa. A ware babban mutum guda, mai waya a hannu, wanda aikinsa kawai tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi. Nauyi ko matsewa a ƙirji, ciwo da ke tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, jiri, zufa mai sanyi: a tsaya nan take a kira masu agaji. Dattawanmu ba sa son a ga gazawarsu a gaban jikoki, don haka mai rakiyar ya riƙa jansa da hira. In amsar ta fara guntulewa, a zauna. Idan a cikinku akwai mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da suga, kada ya fito da yunwa, ya riƙe dabino ko sukari mai ƙwaya a aljihu.

Ku san nau'in jinin kowa, wato genotype (AA, AS, SS ko SC), musamman yaran. Mai sikila, SS ko SC, sanyin safiyar hunturu da ƙishirwa da gajiya duk suna tayar masa da ciwo. Ya zo da rigar sanyi ya yi ta tafa wa masu gudu a wurin ƙarewa, sai dai in likitansa ya ce wani abu daban. Mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila amma ba shi da ciwon, yana gudunsa, amma kada ya kai kansa ƙarshen ƙarfi, kuma idan ƙafafunsa suka saki ko suka yi nauyi farat ɗaya, ya tsaya. Mai asma ya fito da abin shaƙarsa a aljihunsa, ba a mota ba. Iskar Disamba busasshiya ce ga ƙura, ita ce ke matse ƙirji. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango ƙarshen layi, a bar atisaye a waje. Wanda ya yi zazzaɓi ko gudawa a makon, ko yana kan maganin maleriya, ba gudu.

Ruwa: a hunturu zufa tana bushewa tun ba ka gan ta ba, sai ka ɗauka ba ka rasa komai ba. Ledar fiya wata guda, rabin lita ke nan, awa biyu kafin a tashi, sai kurɓi biyu ko uku saura minti 15. Kada a ɗura leda uku a bakin layi; abin da ke biyo baya shi ne sukar nan ta ƙarƙashin haƙarƙari da neman bayan gida. Idan sukar ta zo, koma tafiya, danna wurin da hannu, ka riƙa fitar da numfashi a hankali har ƙarshe, za ta saki. Fitsari shi ne ma'auni: ruwan ɗorawa mai haske daidai ne, mai duhu kamar shayi ruwa ya yi kaɗan.

Wanda ya faɗi bayan ya ƙare amma yana magana daidai, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. Yawanci tsayawa cak ne ya sa jini ya taru a ƙafa, shi ya sa ake cewa a ci gaba da takawa bayan an tsallake layi. Wanda jikinsa ya yi zafi rau yana sambatu, a kai shi inuwa a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita kafin mota ta zo. Wanda ba ya amsawa kuma ba ya numfashi daidai, a kira 112, a fara danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti. Tun da kuka iso ku gano inda motar asibiti ta tsaya.

Maman Sadik, Unguwan Rimi

Abban Hanifa, a gaida uwargida, wannan saƙon rabinsa nata ne da ƙanwarka.

Doguwar abaya da zumbulelen hijabi ba sa tafiya da gudu: ana taka bakinsu a faɗi, ga riƙe zafi. Abin da ke yi shi ne wando mai sakin jiki wanda ya tsuke a idon sawu, riga mai dogon hannu da ta sauko gwiwa mai tsaga a gefe, da ƙaramin hijabi na zurawa wanda ba ya buƙatar fil. Yadin ya zama irin na jesin 'yan ƙwallo. Auduga tana shan zufa ta yi nauyi, da an tsaya kuma sanyi ya kama mutum. Rigar mama ta wasanni dole ce, ta gwada ta da tsalle a ɗaki kafin ta biya. Inda fata ke gogar fata, tsakanin cinyoyi, hammata, ƙarƙashin rigar mama, a shafa basilin ko man kaɗanya. Ku maza ma ku shafa a kan nono, rigar da ta jiƙe tana kurje shi har ya yi jini. Leɓe da dunduniya ma a shafa, hunturu ne. Rigar da masu shiri ke rabawa a wanke ta tukuna a gwada, ko a ɗora ta a kan wadda aka saba da ita.

Mutum 14 ba za su yi gudu tare ba, kada ma ku gwada. Mai sauri zai gaji da jira, mai nauyi zai kashe kansa don kada a ce shi ya ja baya, a dawo gida ana fushi. Ku kasu uku tun a gida: masu gudu, masu sassarfa da tafiya, sai masu tafiya zalla tare da Baba. Kowane rukuni da babba mai waya. A kan titi kada ku jeru fiye da mutum biyu.

Hanifa za ta iya kilomita 5 idan ta riƙa bin ka atisaye sau biyu a mako. Ƙaninta kuwa ku tambaya ko akwai gajeren zango na yara. In babu, ya bi masu tafiya, kuma ku shirya cewa wani zai goya shi a ƙarshe. Yaro ba ya san tanadin ƙarfi: zai fita da gudu mita 200, ya tsaya, ya ce ƙafarsa. Ba shi aiki, ya riƙa ƙirga turakun wuta, a yi sassarfa tsakanin biyu a yi tafiya tsakanin biyu. Kada a ja shi da hannu ana gudu, kada a yi masa gori.

Lambar ƙirji a karɓo ta tun kafin ranar in ana bayarwa. Fil huɗu kowace lamba, ku zo da naku don na wurin yana ƙarewa. A bayan lambar kowane yaro da ta Baba a rubuta suna, lambar wayar mutum biyu, da ciwon da yake da shi. Wurin haɗuwa ya zama abin da ba ya motsi kuma yaro zai gane, kamar wata bishiya ko ƙofa, ba "wajen mota" ba. Cikin taro waya ba ta cika shiga ba.

Abinci: daren Juma'a a ci abin da aka saba, tuwo ko shinkafa, a rage yaji, a bar wake da alale. Tunda ƙarfe 7 za a tashi, a karya ƙarfe 5, kafin sallar asuba: koko kofi ɗaya, ko shayi da biredi yanka biyu, ko ayaba ɗaya da dabino uku. Ƙosai, wainar ƙwai, indomi, fura da nono, duk a bar su sai an dawo, mai da nono suna daɗewa a ciki. Wannan karin ma a gwada shi wata Asabar kafin ranar. Kowa ya shiga bayan gida a gida, don na wurin taro layi ne.

Ku bar gida ƙarfe 6. Ana rufe hanyoyin da za a bi, 'yan KASTLEA masu kula da zirga-zirgar motoci da 'yan sanda za su juya ku, don haka ku ajiye mota nesa kaɗan ta inda za ku iya fita. Ku zo da jaka biyu ta fiya wata, leda 40 ke nan, ta ishe ku ko da na masu shiri ya ƙare kafin 'yan baya su iso, abin da ke yawan faruwa. A samu mutum ɗaya da ba zai yi gudu ba ya riƙe rigunan sanyi da makullai. Ledar da aka sha a riƙe ta zuwa kwandon shara, a kan kwalta santsi take yi.

Malam Ma'aji, Tudun Wada

Ɗan'uwa, kuɗin nan amana ce, kuma rikicinta ya fi ciwon ƙwauri daɗewa.

Kuɗi iri biyu ne. Na rajista, wanda galibi wani kaso nasa ke tafiya a riga, ruwa, lambar yabo, kiɗa da motar asibiti. Sai gudunmawa, wadda ya kamata ta isa ga marayun. Tambayi masu shiri kai tsaye: nawa ne daga kuɗin rajista ke isa ga yaran, wane gida ko waɗanne iyalai za a ba, yaushe, kuma a ina za a ga bayanin abin da aka tara? Masu gaskiya ba sa jin haushin wannan tambaya. Duba ko ƙungiyar tana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ana iya binciken suna a shafin hukumar, kuma sunan da ke kan asusun banki ya dace da sunan ƙungiyar. In asusun wani mutum ne aka ba ka, nemi dalili.

Mafi sauƙi shi ne dangi su tura kai tsaye can, su turo maka shaidar biya. Wanda ya riga ya shigo hannunka, kada ya kwana cikin asusun albashi, domin ranar da aka cire kuɗin cefane ba za ka san na wa aka taɓa ba. Ware masa wani asusu da ba ka amfani da shi. Buɗe littafi: kwanan wata, suna, adadi, ta banki ko hannu. Na hannu a rubuta a gaban mai bayarwa. Kuɗin caji na banki da na mai POS kai ka cike shi daga aljihunka, don adadin da aka ba ka ya isa cif.

Ka nemi adadi tsayayye a biya kafin ranar. Alkawarin "zan ba da kaza kan kowace kilomita in ka gama" yana da daɗin ji, amma bin sa bayan an watse wahala ne, kuma yana sa mutum ya ƙi tsayawa ko jikinsa ya ce ya tsaya. Ka sa ranar rufewa, ka miƙa, ka karɓi rasit mai hatimi, ka sa hotonsa da jimillar a zauren WhatsApp na dangi. Sunaye kuwa sai da izini, wasu ba sa son a san sun bayar.

Idan wani ya ce zakkarsa ce, ware ta daban ka tambayi malami. Maraici shi kaɗai ba ya cikin rukunoni takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Maraya yana shiga ne idan matalauci ne ko miskini, kuma ba a sayen rigar gudu da ita.

Abban Hanifa, Malali

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na danna ƙwaurin yadda Sista ta ce, ciwon a baje yake. Koci, saura biyu: akwai tafiyar aiki Abuja da za ta cinye mini mako guda a tsakiya, yaya zan yi? Kuma wani aboki ya ce ranar Juma'a, jajiberin gudun, mu fita mu gwada hanyar gaba ɗaya.

Koci Ɗanladi, Kawo

Ka tafi da takalminka. Ko fita biyu ta minti 20 ka samu a can, ba abin da ya ragu. In ba ka samu ko ɗaya ba, da ka dawo ka maimaita makon da ka tsaya a kansa, kada ka tsallaka, kuma kada ka haɗa fita biyar a mako ɗaya wai ramuwa. Idan lissafin bai kai ka mako na bakwai ba, ranar gudun ka yi minti 5 sassarfa, minti 1 tafiya, tun daga farko har ƙarshe, ba sai ka gaji ba tukuna. Da wannan za ka shigo wajen minti 45.

Abokinka kuma ka ce masa a'a. Tsamin jiki ya fi tsanani ne kwana ɗaya zuwa biyu bayan aiki, wato daidai safiyar Asabar. In hanyar kuke son gani, ku bi ta a mota, ku lura da inda hawa yake da inda za a ajiye ruwa, ku kuma duba ko akwai alamar kilomita a gefen titi; in babu, ku zaɓi gini ko shataletale da zai nuna muku rabin hanya.

Abu ɗaya zan ƙara a kan maganar Maman Sadik game da Hanifa: kada ka sa ta a rukuninka don ta jira ka. Yarinya mai shekara 11 da ta yi atisayen mako shida tana iya barin ka a baya. Haɗa ta da ƙanwarka ko wani babba mai saurinta, ku yi haka tun a fitar Asabar ta mako na biyar don su saba da takun juna.